Kafin a Kafa Rumfa: Ƙofofin da Mai Shirya Taro Zai Ƙwanƙwasa

   

Yau a wannan shiri na faɗakarwa maganar taro za mu yi, taron da ake buɗe wa kowa ƙofa, kuma ana saye da sayarwa a cikinsa. Kasuwar sallah ta kwana uku a filin makaranta. Baje kolin ƙungiyar mata masu sana'a. Gasar ƙwallon unguwa, wadda mai tsire da mai zoɓo suke kewayewa. Dambe ko kokawa bayan an gama aikin kaka. Tambayar ita ce: kafin a kafa rumfar farko, wa ake gaya wa, wa ake tambaya, kuma me ake biya?

Bari in fara da wani hoto, ku gani da idon zuci.

Matasan wata unguwa sun yanke shawarar yin kasuwar sallah. Sun yi karo-karo. Sun buga fosta. Sun watsa a Facebook da WhatsApp. Sun yanka fili rumfa-rumfa, sun sayar da rumfa arba'in. Cikin masu saye akwai wata baiwar Allah mai waina. Ta ciyo bashin shinkafa da mai da yis. Tun da asuba ta yi ƙulli, ta hura wuta, ta ɗora tanda. Hantsi na dubawa sai ga mota ta tsaya. Wani jami'i ya fito da takarda a hannu. Ya ce, "Ina shugabanku? Wa ya ba ku izinin wannan wuri?" Aka shiga kallon-kallo. Kafin azahar an tashi kowa.

To, wa ya yi asara? Matasan sun ji kunya, gaskiya ne. Amma ƙullin waina ba ya jiran gobe. Bashin nan yana wuyan wannan mata, ita da ba ta yi laifin komai ba. Saboda irinta muke wannan shiri.

Kashi na farko. Mu fara da 'yan sanda, domin nan ne ruɗani ya fi yawa.

Mutane da dama sun ɗauka cewa ba a taro a Najeriya sai 'yan sanda sun ba da izini. A da, haka abin yake a rubuce. Akwai wata doka ta 1979 ta kiyaye zaman lafiyar jama'a, wadda ta ce mai son yin taro ko jerin gwano a bainar jama'a ya nemi lasisi aƙalla awa 48 kafin lokacin. Lasisi, wato takardar amincewar hukuma. Amma kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 40, ya ce kowane mutum yana da 'yancin yin taro cikin lumana da haɗuwa da sauran mutane. Doka ta ce sai da izini, tsarin mulki ya ce haƙƙinka ne. Dole wata rana a rabe tsakaninsu.

Kuma abin da ya kai ga rabewar ya shafi Kano. A watan Satumba na 2003 jam'iyyar ANPP ta yi gangami a Kano, 'yan sanda suka tarwatsa shi da barkonon tsohuwa, bisa dalilin cewa babu izini. Jam'iyyar da wasu jam'iyyu suka kai maganar kotu. A 2005 Babbar Kotun Tarayya ta ce tilasta wa mutane neman izinin 'yan sanda ya saɓa wa tsarin mulki. 'Yan sanda suka ɗaukaka ƙara. A watan Disamba na 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da wannan hukunci. Sannan Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da cewa idan aka sanar da 'yan sanda za a yi taro a wurin da jama'a ke shiga, aikinsu ne su kawo jami'ai su ba da tsaro.

Saboda haka ku riƙe wannan kalma: sanarwa. Sanarwa ake kai wa 'yan sanda. Zan maimaita. Sanarwa ake kai musu, domin su zo su tsare ku.

Amma kada wani ya ji wannan ya ce, to shi ke nan, ba ruwana da su. Wannan kuskure ne babba. Tsarin mulkin da ya ba ka 'yanci, shi ne a sashe na 45 ya bar ƙofar taƙaita shi saboda tsaro da lafiyar jama'a. Mutanen Kano sun ga an dakatar da hawan sallah a 2024 da 2025 bisa dalilin tsaro. Idan hawan sallah zai tsaya, kasuwar unguwa ma za ta iya tsayawa. Kuma wurin da kuɗi ke yawo, ɓarawo na yawo. Kana bukatar 'yan sanda fiye da yadda suke bukatarka.

Yaya ake yi? Ka rubuta takarda zuwa ga baturen 'yan sandan yankinku, wanda muke kira DPO. Ka faɗi rana, ka faɗi lokacin buɗewa da na tashi. Ka faɗi wuri. Ka faɗi yawan mutanen da kake tsammani, kuma ka faɗi gaskiya. Ka sa sunayen shugabanni da lambobin wayarsu. Ka yi kwafi biyu. Su karɓi ɗaya, su buga maka hatimi a ɗaya ka dawo da ita. Wannan mai hatimin ita ce shedarka.

'Yan'uwanmu da ke saurare daga ƙetare, kowace ƙasa da tsarinta. A Ghana dokar 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda aƙalla kwana 5 kafin taro. A Nijar, ofishin magajin gari ake fara kai takarda. Ƙofa ce ta bambanta, amma ƙwanƙwasawar dole ce.

Kashi na biyu ke nan muka shiga: fili, da ƙaramar hukuma.

'Yancin taro bai ba ka filin wani ba. Kowane fili da mai shi. Filin makarantar firamare yana ƙarƙashin sashen ilimi na ƙaramar hukuma, don haka amincewar hedimasta da baki ba ta isa ba, a nemi takarda daga ofishin sakataren ilimi. Filin wasa na jiha yana da hukumar da ke kula da shi. Filin Idi yana da masu riƙonsa. Fili na ɗan kasuwa, a rubuta yarjejeniya da shi, a sa hannu, da shedu. Takardar fili ita ce ta farko, domin duk ofishin da ka shiga bayan nan za a tambaye ka, a ina za a yi? Wa ya ba ku?

Kafin ma ka kai ga ofis, ka bi ta zauren mai unguwa. Idan taron babba ne, ya kai ka wurin dagaci, dagaci ya kai maganar gaban hakimi. Mai unguwa ba ya ba da lasisi. Amma shi ya san gidan da ake jinya kusa da filin. Shi ya san ranar da aka sa ɗaurin aure a layin. Shi ya san samarin da ba sa ga maciji da juna. Ranar da rigima ta tashi, shi za a fara kira. Taron da mai unguwa ya ji labarinsa a lasifika, taro ne da ya fara da ƙafar hagu.

Yanzu ƙaramar hukuma. Me ya kawo ta cikin maganar? Saye da sayarwa ne ya kawo ta. Da zarar an kafa rumfa an sa farashi, an shiga gonarta. A ƙarshen kundin tsarin mulki akwai wani jeri da ake kira jadawali na huɗu. A nan aka lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, duka 774 na ƙasar nan, har da 44 na jihar Kano. Cikin jerin akwai kula da kasuwanni, da mayanka, da tashoshin mota, da banɗakunan jama'a. Akwai shaguna da kes-kes. Akwai gidajen abinci da duk wurin da ake sayar wa jama'a abinci. Akwai allunan talla. Akwai kwashe shara. Ku duba da kyau, kusan duk abin da kasuwar sallah ta ƙunsa yana cikin wannan jeri.

Sannan a 1998 aka yi dokar da ta raba haraji tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. A rabon ƙaramar hukuma ta ambaci kuɗin kasuwa, da kuɗin allon talla, da kuɗin shara, har da kuɗin shagali da rufe hanya. Kun ji? Rufe titi don biki abu ne da waccan doka ta san da shi, ta kuma sa masa kuɗi. Wanda ya jera benci ya tare layi ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya tare hanyar mai naƙuda, ya tare hanyar mai gawa. Idan taronka zai taɓa titi a cikin Kano, ka je wa KAROTA, hukumar kula da zirga-zirga ta jihar. Idan babbar hanya ce ta tarayya, ka je wa jami'an kiyaye haɗurra. A wasu jihohin da ke da hukumar kula da zirga-zirga, ita za ka nema.

A nan zan ɗan tsaya, domin akwai wani ciwo da kowane ɗan kasuwa ya sani. Ranar taro sai ka ga mutane sun ɓullo da littattafan tikiti. Wannan ya ce kuɗin ƙasa. Wancan ya ce kuɗin shara. Wani ya ce kuɗin tsaro. Mai rumfa ba ta san na gaskiya ba, ba ta san na bogi ba, tana dai miƙawa don a bar ta ta yi ciniki. Waccan doka ta 1998 ta faɗa ƙarara cewa hukumar da aka ɗora wa alhakin haraji ita kaɗai ke karɓarsa, ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji. Maganin wannan ciwo yana hannun mai shirya taro. Ka je sashen kuɗin shiga na sakatariya tun da wuri. Ka yi tambaya uku. Mene ne sunan kuɗin? Nawa ne? A wane asusu ake biya? Ka biya, ka karɓi rasit mai hatimi. Ka buga kwafinsa ka manna a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo da tikiti, a nuna masa. Kuɗin da ba shi da rasit, aljihu ya shiga.

Ga wani abu da yawancin mutane ba su lura da shi ba. Takardar mai taro daban, takardar mai sayarwa daban. Zan sake faɗa. Izinin da ƙungiya ta samu na yin taro bai wanke mai sayar da kayan da doka ta hana ba, kuma bai maye gurbin lasisin sana'ar da ke bukatar lasisi ba. Don haka tsakaninka da kowane mai rumfa a yi rubutu, ko da rabin shafi ne. Me zai sayar? Nawa ya biya? Kuɗin nan ya haɗa da na ƙaramar hukuma ko bai haɗa ba? Wa zai kwashe shara? Sai babbar tambaya: idan aka fasa taron, za a mayar masa da kuɗinsa? Da mai wainarmu tana da wannan rabin shafi, da tana da abin riƙewa.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama rediyonku, muna magana ne a kan ƙa'idojin shirya taron da ake saye da sayarwa a cikinsa. Mun ce 'yan sanda sanarwa ake kai musu. Mun ce fili sai da takardar mai shi. Mun ce kuɗin ƙaramar hukuma sai da rasit. Yanzu kashi na uku: abin da ke shiga ciki, da abin da ke cin wuta.

Dattawanmu sun tuna duba-gari. Suna tuna yadda yake shiga gida ya leƙa randa, in ya ga tsutsa a ruwa a ci tarar mai gida. Duba-gari bai ɓace ba. Yau ana kiransa jami'in lafiyar muhalli, kuma yana nan a sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Shi ke da hurumin duba wurin da ake dafa wa jama'a abinci. Ka gayyace shi kafin taro, ya zo ya ga filin da idonsa. Zai tambaye ka daga ina ruwa zai zo. Zai tambaye ka ina banɗaki, na maza da na mata, kuma nawa ne nisansa da masu abinci. Zai tambaya ina za a wanke kwano, ina ruwan wankin zai bi. Yana iya neman masu dafa abinci su kawo takardar gwajin lafiya daga asibiti, wato shedar cewa ba sa ɗauke da cutar da ke bin abinci, irin su taifot.

Wani zai ce, ai wannan wahala ce, kwana uku ne fa kawai. Ɗan'uwana, kwalara ba ta bukatar kwana uku. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Hanyarta sananniya ce: bayan gida ya haɗu da ruwan sha, ko ya bi hannun da ba a wanke ba ya shiga abinci. Ka tara mutum dubu a fili babu banɗaki, kowa zai nemi bayan katanga. Ƙuda zai tashi daga can ya sauka a kan tire. Ba ka yi niyyar cutar da kowa ba, amma ka shimfiɗa wa cuta tabarma.

A wannan shekarar dai, a watan Maris na 2021, mutanen Kano sun ga wani abin tashin hankali. Ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Waɗanda suka haɗa lemon, da yawansu talakawa ne masu neman na abinci. Sun sayi gari mai araha a kasuwa, ba su san me ke ciki ba. Shi ya sa ake cewa a duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa a 1993. Duk abin da aka rufe a leda ko kwalba ko gwangwani, ruwan leda ne, lemo ne, garin haɗi ne, a duba lambar rajista, a duba ranar lalacewa. Kai mai taro, ka sa mutum biyu su zagaya rumfuna da safe su duba. Mai zoɓo da mai kunun aya, a tambaye su da wane ruwa suka haɗa, da wace ƙanƙara suka sanyaya. Mai tsire da mai balangu, naman daga mayankar da likitan dabbobi ke dubawa ya fito? Sarkin fawa zai taimaka maka da wannan.

Magani kuwa, kada ka ba shi rumfa. Dokar ƙasa ta hana tallar magani a kasuwa da tasha da bakin hanya. Sayar da magani sana'a ce mai lasisinta da wurinta. Giya kuma, a Kano da sauran jihohin da ke bin shari'ar Musulunci, maganar ma ba ta tasowa. Idan akwai kiɗa ko wasan kwaikwayo a shirinku, ku tuntuɓi Hisbah da Hukumar Tace Fina-finai a inda suke, ku ji sharuɗɗansu tun kafin ku biya mawaƙi kafin alƙalami. Lasifika kuma ta san lokacin salla, ta san lokacin barcin maƙwabta.

Sai wuta. Ku dubi kasuwar wucin gadi da kyau. Rufinta tamfol ne, bangonta zana ko atamfa. A ciki ga tukunyar gas, ga kaskon suya, ga janareta, ga jarkar fetur a gefensa, ga wayar lantarki an ja ta a ƙasa an ɗaure da leda. In lokacin hunturu ne, ga iska tana kaɗawa. Kasuwar Sabon Gari ta Kano, mai ginin siminti, ta ci wuta a watan Maris na 2016, dukiya mai ɗimbin yawa ta salwanta a dare ɗaya. Ina ga rumfar tamfol?

Ka rubuta wa hukumar kashe gobara ta jiharku. Ka roƙe su su zo su ga tsarin rumfunanka. Abin da za su gaya maka ba mai tsada ba ne. A ware masu wuta a gefe guda, ta inda iska ba za ta kwaso tartsatsi zuwa masu yadi ba. A fitar da janareta bayan rumfuna, a nisanta fetur da shi, kada a zuba masa mai yana aiki. Kowace rumfar suya ta sami na'urar kashe wuta ko bokitin yashi, domin man da ya kama wuta ba a zuba masa ruwa, ruwa ƙara watsa shi yake yi. A bar hanya mai faɗi a tsakiya wadda motar kashe gobara za ta iya shiga. Na san wannan hanyar rumfa biyar ce da za ka iya sayarwa. Ka bar ta.

Mun zo kashi na huɗu, kuma shi ne ya fi damuna. Ƙofa.

Ranar 18 ga Disamba, 2024, a birnin Ibadan, aka shirya wa yara bikin wasa a filin wata makaranta. An yi ta sanarwa cewa za a raba kuɗi da kyaututtuka. Iyaye suka yi sammako da 'ya'yansu, mutane suka fi ƙarfin wurin. Aka yi turmutsitsi. Yara 35 suka rasu. Yara 35, jama'a. Bayan kwana uku kacal, ranar 21 ga wata, aka sake yi a wurin rabon abinci a Okija ta jihar Anambra, mutum 22 suka rasu. A ranar dai, a Maitama ta Abuja, mutum 10. Allah ya kiyaye na gaba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan tarukan da aka shirya don cuta. Da sunan taimako aka yi su. Bayan haka Sufeto Janar na 'yan sanda ya gargaɗi masu shirya irin wannan taro su riƙa sanar da 'yan sanda, gwamnatin Legas kuma ta ce taron da ya haura mutum 250 sai ya sami sahalewar hukumar kiyaye lafiyar jama'a ta jihar. An ɗaure ƙa'ida, amma bayan an binne yara.

Bari in gaya muku yadda turmutsitsi ke kisa, domin mutane sun ɗauka tattakewa ce kawai. Sau da yawa mutum a tsaye yake mutuwa. Idan mutum biyar ko shida suka cushe a wurin da bai fi dadduma ɗaya da ɗan ƙari ba, babu mai iya juyawa yadda yake so. Na baya yana turowa, domin bai ga abin da ke faruwa a gaba ba. Na gaba ya haɗu da ƙofa a rufe. Ƙirji ya matsu, numfashi ya ƙi shiga. Minti kaɗan ya isa. Yaro, da tsohuwa, da mai ciki, su ne na farko.

Saboda haka lokacin da jami'i ya tambaye ka, mutum nawa kake tsammani, wannan ita ce tambaya mafi nauyi a duk takardun. Kada ka rage adadi don a rage maka kuɗi. Da wannan adadi za a san jami'ai nawa za a turo. Da shi za a san ko filin ya isa. Ƙofar shiga daban, ƙofar fita daban, ta mata da yara daban in da hali. A buɗe ƙofa da wuri, kada a tara mutane a waje suna jiran ƙarfe goma ta buga. Kada a sa kwaɗo a kowace ƙofa muddin akwai mutane a ciki. Kada a bar mai talla ko mai babur ya kafa a bakin ƙofa, ko nawa zai biya. In akwai rabon kyauta, kada a shelanta shi a rediyo ga duk gari, a raba kati tun kafin ranar, a yi rabon rukuni-rukuni. A ware rumfa ɗaya ta ma'aikatan lafiya ko 'yan agaji, a ajiye mota a shirye, a san asibiti mafi kusa. A ware wurin da za a kai yaron da ya ɓace wa uwarsa. A rubuta lambar gaggawa ta 112 da lambar DPO da ta 'yan kwana-kwana a inda kowa zai gani.

Yanzu ku ba ni dama in faɗi ra'ayina.

Na san abin da ke hana mutane zuwa ofis. Tsoron yawo ne. A ce je ka dawo, a ce oga ba ya nan, a ce kawo na goro. Sai mutum ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya ƙi zuwa gaba ɗaya, ko ya ba wani kuɗi a sa masa hannu a takarda ba tare da kowa ya taka filin ba. Ni a wurina na biyun ya fi na farko haɗari, domin yana sa kowa ya saki jiki. Takarda ba ta kashe wuta. Hatimi ba ya buɗe ƙofa. Amfanin izini shi ne wani wanda ya san aikin ya zo ya tsaya a filinka, ya ce matsar da wannan janareta, faɗaɗa wannan ƙofa, wannan rijiya ba ta shawuwa. Idon da ya zo ya duba, shi kake nema. In an ba ka takarda ba a zo ba, ka koma ka ce ina roƙo a zo a gani. Kai jami'in da ka sa hannu daga kan kujera, ka sani sunanka yana kan wannan takarda, kuma za a tambaye ka, ko a nan ko a can.

Ina kuma kira ga shugabannin ƙananan hukumominmu. Ranku ya daɗe, ku sauƙaƙa wa mutane. Ku rubuta kuɗin kowane izini a allo, da Hausa, ku kafa a ƙofar sakatariya. Ku ware tebur ɗaya da mai shirya taro zai je, daga nan a sanar da duba-gari da sashen kuɗi da sauran waɗanda abin ya shafa. Matashin da ya ga hanya a fili zai bi ta. Waɗannan tarukan su ne jarin mai waina, da mai ɗinkin hula, da yarinyar da ta koyi haɗa turaren wuta take neman inda za ta fara. Ba ma so a kashe su da yawo. So muke a yi su, kowa ya koma gida lafiya.

Yaushe za a fara? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba kanka wata guda, in taron babba ne wata biyu. Fili tukuna, da zauren mai unguwa. Sannan sakatariya. Sannan DPO, da duba-gari, da 'yan kwana-kwana. Sai takardu sun kammala a hannunka za ka buga fosta, sannan ka karɓi kuɗin rumfa. Ka haɗa su a fayil ɗaya, ranar taro ya kasance a hannun mutum ɗaya da kowa ya sani, wanda ba zai bar wurin ba. In an tashi kuma, a share fili, a kwashe shara, a mayar wa mai shi yadda aka karɓa, domin baɗi ma za ku so ku dawo.

Ke kuma 'yar'uwa mai sana'a, da kai ɗan'uwa mai rumfa, kalmata ta ƙarshe taku ce. Duk wanda ya zo ya ce ku sayi rumfa a taronsa, kafin ku miƙa ko naira ɗaya, ku ce ya nuna muku takardar fili, da rasit na ƙaramar hukuma, da kwafin sanarwar 'yan sanda mai hatimi. In ya nuna, ku biya, ku karɓi rasit. In ya ce ana kan yi, ku ce to, kuɗinku ma yana nan yana jira.

 Allah ya tsare mu, ya tsare 'ya'yanmu, ya sa albarka a kasuwa.